Yadda za ka ƙulle ƙofofin Windows da manhajojin kyauta ba tare da ka lalata ta ba

Yawancin manhajojin kyauta da ake cewa suna ƙara wa kwamfuta tsaro ba su zo da wani abu sabo ba. Makunnai ne da tun asali suke cikin Windows, an binne su a rajista, wato rumbun saitunan Windows, da wasu lunguna da mutum ba ya leƙawa, sai manhajar ta tattaro maka su a shafi guda. Amfaninta ke nan, kuma haɗarinta ke nan, domin yatsan da zai kashe talla shi ne zai kashe sabunta Windows idan mai shi bai san abin da yake dannawa ba. Shi ya sa a wannan aiki na fi ba wa tsari muhimmanci a kan yawan manhajoji: a san abin da ake farawa da shi, kowane aiki a ba shi manhaja ɗaya, kuma kada a taɓa komai sai an tanadi hanyar komawa baya.

Tsaro daban, sirri daban. Tsaro shi ne hana ɓarawo da bairos shiga. Sirri shi ne rage bayanan da kamfanoni ke kwasa a kanka. Wani lokaci sukan yi karo. Defender, maganin bairos da ke zuwa tare da Windows, yana aika bayanin fayil ɗin da bai yarda da shi ba zuwa Microsoft don a tantance. Mai neman sirri zalla zai ce a kashe wannan, alhali ta nan ake kama sabon bairos tun bai yi aiki ba. Duk inda suka yi karo irin haka, a ganina tsaro ne gaba.

Fara da tushe

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver. Za ka ga wace Windows ce a kan na'urar. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda ga ɗaiɗaikun mutane aka sa masa ƙarshe 13 ga Oktoba 2026. Babu wata manhajar kyauta da za ta toshe ɓarakar da ke cikin Windows ɗin kanta bayan an daina ɗinke ta. Darasin bairos ɗin WannaCry na watan Mayu 2017 ke nan: Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya. Idan na'urarka ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin na'ura, da furosesa ta Intel daga ƙarni na 8, Linux Mint, tsarin kyauta da ake zubawa a madadin Windows, mafita ce mai kyau ga mai rubutu da hawa intanet.

Abu na biyu ya shafi laftof ɗin gwanjo, wadda ita ce a hannun mafi yawanmu. Sau da yawa takan zo da Windows da Office da aka fasa. Manhajar fasawa ba ta zama lafiya sai an kashe Defender ko an ce masa kada ya duba wasu foldoji, kuma ba kasafai ake mayar da saitin ba bayan an gama. Buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, sannan Manage settings, ka gangara ƙasa zuwa Exclusions. Idan ka tarar da C: gaba ɗaya, ko Temp, ko AppData, ko wata folda da ba kai ka sa ba, to mai gadinka yana tsaye a ƙofa amma an ɗaure masa ido. A nan shawarata ba ta da sassauci: kwashe fayilolinka, ka samo filash mai gigabait 8 ko sama, ka yi amfani da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ka zuba Windows sabuwa. Yawancin laftof ɗin HP, Dell da Lenovo da suka fito da Windows 10 ko 11 lasisinsu yana cikin allon na'urar, don haka da ka zuba nau'in da ya dace, Home ko Pro, za ta kunna kanta da zarar ta hau intanet. Mutane da dama na amfani da fasasshiyar Windows a kan na'urar da ke da halastaccen lasisi ba su sani ba.

Hanyar komawa baya

Danna Windows da R, ka rubuta SystemPropertiesProtection. A kwamfutoci da yawa za ka tarar wannan kariya, wadda ke ajiye wurin komawa idan saiti ya lalace, a kashe take. Zaɓi C:, danna Configure, kunna ta, ka ba ta kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na diskin, sannan Create. Ka riƙa yin haka kafin kowace manhaja da za ta taɓa saiti, kana sa wa kowanne suna, misali "kafin ShutUp10". Ka sani wannan saitin Windows kaɗai yake mayarwa, ba ya dawo da takardu ko hotuna. Su sai ka kwafe su a diski na waje, ka cire shi ka ajiye. Diskin da ke maƙale kullum, bairos mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa tare zai haɗa da shi.

Sai batun inda za ka sauko da manhajojin. Kada ka danna sakamakon farko na bincike idan an rubuta masa alamar talla, domin ɓarayi kan sayi wannan gurbi da sunan sanannun manhajoji. Je shafin mai manhajar kai tsaye. Bayan ka sauke, danna dama a kan fayil ɗin, Properties, ka duba Digital Signatures ko sunan da ke ciki ya yi daidai da na kamfanin. Sannan ka ɗora shi a VirusTotal, inda injunan bincike fiye da 60 za su duba shi. Idan ɗaya ko biyu marasa suna suka yi kuka, galibi ƙararrawar banza ce, don irin waɗannan manhajoji suna taɓa rajista. Idan goma suka yi kuka, goge shi. Amma kada ka ɗora takardar sirri a can, domin masu biyan kuɗi a shafin suna iya sauke abin da aka ɗora. Ko shafin asali ma ba ma'asumi ba ne: a 2017 an cusa bairos a CCleaner 5.33, ya tafi da sa hannun kamfanin zuwa kwamfutoci sama da miliyan 2. Kowace manhaja da ka ƙara, ƙofa ce ka ƙara. Masu ikirarin share rajista ko sabunta direbobi da dannawa ɗaya, ka bar su inda ka gan su.

Shara kafin kulle

Kulle gida da ɓarawo a ciki aikin banza ne. Fara da AdwCleaner na Malwarebytes. Ba a girka shi, buɗewa kawai ake yi, cikin 'yan mintuna ya zaƙulo manhajojin talla da abubuwan da suka maƙale wa burauza. Karanta jerin kafin ka amince, don yakan haɗa har da manhajojin da kamfanin laftof ya sa, wasunsu kuma su ke kula da batir. Bayan shi, a Windows Security ka shiga Scan options ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike na kusan minti 15 kafin Windows ta buɗe, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Jona caja tukuna.

Na uku shi ne Autoruns, daga tarin Sysinternals da Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka faro, Microsoft ta saye a 2006. Yana nuna duk abin da ke tashi tare da kwamfutar, har waɗanda Task Manager ba ya nunawa. Buɗe shi da ikon admin. A Options ka kunna Hide Microsoft Entries, a Scan Options ka kunna Check VirusTotal.com. Shafuka uku za ka fi duba: Logon, Scheduled Tasks da Services. Layi mai ruwan ɗorawa yana nufin fayil ɗin ba ya nan, saura ne kawai. Mai ruwan hoda yana nufin ba a tabbatar da sa hannu ba, wanda ba lallai ne mugun abu ba, amma ya cancanci a duba. Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne wscript.exe ko powershell.exe yana kiran wani fayil daga AppData ko Temp, musamman mai suna kamar an watsa haruffa. Cire masa alamar da ke gefe, kada ka goge. Idan wani abu ya daina aiki bayan ka sake kunna kwamfutar, sai ka mayar da alamar. Shafin Drivers kuwa ka ƙyale shi, kuskure ɗaya a can na iya hana Windows tashi.

Defender da asusun yau da kullum

Kafin kowace manhaja, akwai gyara biyu da ba sa buƙatar sauke komai. Ƙirƙiri asusun admin na biyu da kalmar sirri mai ƙarfi, ka shiga cikinsa, ka mayar da asusun da kake aiki da shi kullum ya zama Standard. Daga nan duk abin da ke son canza tsarin na'urar sai ya nemi kalmar sirri. Sannan ka nemo UAC, mai neman izininka kafin a canza tsarin na'ura, a akwatin bincike, ka ja ma'aunin zuwa can sama.

Defender kansa ya isa ga mai amfani na gida, sai dai wasu ƙarfafan dokokinsa a kashe suke zuwa, kuma babu makunninsu a Windows Security. ConfigureDefender ta Andy Ful, wadda ke GitHub, ita ce ke fito da su. Tana da matakai, ka zaɓi HIGH, ka sake kunna kwamfutar. Wannan zai hana Word da Excel ƙaddamar da wasu manhajoji a bayan fage, ya hana fayil ɗin da ya zo ta imel tashi kai tsaye, ya kuma tsaurara tantancewar da ake yi ta intanet. MAX yana da ruɗi saboda sunansa, amma yana toshe duk manhajar da ba ta yaɗu a duniya ba, wato har ƙaramar manhajar lissafin shago ko ta makaranta da wani ɗan gida ya rubuta. Idan wani abu ya ƙi buɗewa, danna Defender Security Log a cikinta, za ka ga dokar da ta tare shi, ka sassauta ita kaɗai. Duk wannan ba ya aiki idan ka girka wani maganin bairos daban, domin Defender yakan ja da baya ya bar masa fili. Wanda wa'adin gwajinsa ya ƙare yana zaune ba ya sabuntawa, cire shi ya fi barinsa.

Filash

Nan ne ya fi shafar mu. Filash ɗin da ya zaga shagon buga takardu, kafe, ofis da ɗakin kwamfuta na makaranta da wuya ya dawo lafiya. Alamar kowa ya san ta: ka buɗe, ka tarar foldojinka duk sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya. Fayilolin ba su ɓata ba. Tsutsa, wato bairos mai kwafar kansa, ita ta ɓoye su, ta ajiye fayilolin .lnk masu sunayensu. Idan ka danna, zai buɗe maka foldar ta gaskiya don kada ka yi zargi, a lokaci guda ya tayar da wani fayil na .vbs ko .js da zai kwafi kansa cikin kwamfutarka, ya zauna yana jiran filash na gaba. Da yawansu kuma suna buɗe wa mai su hanyar sarrafa na'urar daga nesa.

Kada ka danna komai a ciki. Bar Defender ya duba filash ɗin, sannan ka buɗe Command Prompt. Idan harafin filash ɗin E ne, rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

del E:\*.lnk

Foldojin za su bayyana. Goge duk .vbs, .js ko .exe da ba ka sani ba. Idan ka cire filash ɗin ka mayar, gajerun hanyoyin suka dawo, to cutar tana cikin kwamfutar, koma Autoruns.

Rigakafin kuwa uku ne. A File Explorer ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil, don takarda.pdf.exe ta daina yi maka shigar PDF. A Settings ka kashe AutoPlay. Sannan ka kashe Windows Script Host, injin da ke tafiyar da .vbs da .js. Hardentools, wadda ƙungiyar Security Without Borders ta samar don 'yan jarida da masu fafutuka, tana yin waɗannan da dannawa ɗaya, har da rufe PowerShell da macro na Office, wato ƙananan umarnin da ake sakawa cikin takardun Word da Excel, kuma idan ka sake buɗe ta za ta ba ka maɓallin mayar da komai yadda yake. Abin da zai karye: fayilolin Excel masu macro, wasu tsofaffin manhajojin girka firinta, da umarnin slmgr na duba lasisi. Tana kuma taɓa wasu dokokin Defender da ConfigureDefender ta riga ta taɓa, don haka idan za ka warware, fara da wadda ka sa a ƙarshe. Wannan duka bai rufe kowace hanya ba. Tsutsar Raspberry Robin, wadda aka gano a 2021, ta filash take yawo, kuma msiexec, injin girka manhajoji na Windows, take hawa maimakon .vbs. Gajeriyar hanya a kan filash ba abar dannawa ba ce, ko me ka girka.

Sirri

O&O ShutUp10++ ta wani kamfanin Jamus ce da ke Berlin, tana aiki a Windows 10 da 11, ba a girka ta. Kowane saiti tana sa masa alama: kore ga wanda ta ba da shawara, ruwan ɗorawa ga mai sharaɗi, ja ga wanda ba ta ba da shawara ba. Shiga Actions, ka zaɓi Apply only recommended settings, ka amince ta ajiye wurin komawa. Tsaya nan. Kore ya isa ya kashe lambar da ake bibiyarka da ita don talla, tarihin ayyuka, da tallace-tallacen da ke fitowa a Start da allon kulle. Masu ruwan ɗorawa ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinsu ake samun wanda ya rufe wa manhajoji kyamara da makirufo, sai ranar da za a yi taro ta Zoom a rasa dalilin da ya sa ba a jin muryarka. A jajayen ne ake samun masu taɓa sabuntawa da kariya.

Bayan ka gama za ka iya ganin rubutu a Settings cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saituna. Ba kutse ba ne, alamar dokokin da manhajar ta rubuta ce. Ka kuma sani a Home da Pro ba a iya kashe bayanan da Windows ke aikawa gaba ɗaya, iyaka a rage su zuwa matakin Required. Masu cika fayil ɗin hosts, inda Windows ke duba adireshin shafuka, da adireshin Microsoft don toshe sauran, Defender yakan ɗauki hakan a matsayin kutse, kuma sukan tsinke Store ko sabuntawa ba su sani ba. Babbar sabuntawar shekara takan mayar da wasu saitunan, saboda haka ka fitar da naka zuwa fayil ta menu na File, ka sake loda su bayan kowace irinta.

Ga mai sayen data, a Windows Update ka shiga Advanced options, Delivery Optimization, ka kashe musayar sabuntawa da wasu kwamfutoci. Sa hotspot ɗin wayarka a matsayin metered ma yana rage cin data sosai, amma yana dakatar da yawancin sabuntawa. Idan ka yi haka, nauyin ya dawo kanka. Microsoft na fitar da gyaran tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, ka ware data a wannan mako ka danna Check for updates da hannunka.

Katangar Windows, wato Firewall, tana tare masu shigowa, tana barin masu fita. Ga yawancin mutane ya isa, muddin kowane Wi-Fi na waje an sa shi a Public. Mai son ganin wace manhaja ke fita intanet zai iya gwada simplewall ko TinyWall, ɗaya kawai. Simplewall tana da tarko: dokokinta na ci gaba da aiki ko an rufe ta ko an goge ta, don haka danna Disable filters kafin ka cire ta, in ba haka ba ka zauna babu intanet kana zargin layinka.

A burauza, uBlock Origin na Raymond Hill ya fi duk wani ƙari amfani, domin tallar bogi na cikin manyan hanyoyin bairos. Cikakkensa yana aiki a Firefox. Chrome ta sauya tsarin ƙarin manhajoji zuwa Manifest V3, a can sai uBlock Origin Lite. Cire duk ƙarin da ba ka tuna dalilin sa shi ba, musamman VPN na kyauta, wanda duk zirga-zirgarka ta hannunsa take bi. Sauya DNS, mai nemo wa kwamfuta adireshin shafuka, zuwa Quad9, wato 9.9.9.9 da 149.112.112.112, yana hana kwamfutar isa shafukan da aka san na ɓarna ne. A Windows 11 yana ƙarƙashin Hardware properties na Wi-Fi, kuma ka kunna DNS over HTTPS a wurin. Idan shafin shiga Wi-Fi na otal ko makaranta ya ƙi buɗewa, mayar da shi Automatic na ɗan lokaci. Kalmomin sirri kuma ka kwashe su daga burauza, inda bairos masu satar bayanai ke fara dubawa, zuwa Bitwarden, ko KeePassXC idan ka fi son su zauna a na'urarka. Imel ɗinka ka sa masa tabbaci mai mataki biyu, don ta nan ake sake saita sauran asusun duka.

Idan aka sace laftof ɗin

Kalmar sirrin shiga Windows ba ta hana wanda ya cire diski ya jona a wata na'ura karanta komai. Rufe diskin da lambobi ne ke hanawa. Pro tana da BitLocker, Home tana da Device encryption idan na'urar ta cika sharuɗɗa, kuma tun Windows 11 24H2 yakan kunna kansa a sabuwar zubawa idan an shiga da asusun Microsoft. Buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta manage-bde -status don sanin halin da kake ciki. Idan a kunne yake, nemo makullin ceto yau ɗin nan. Lambobi 48 ne, suna cikin asusunka na Microsoft a sashen na'urori. Rubuta su a takarda ka adana nesa da jakar laftof ɗin. Sabunta BIOS ko canza allon na'ura wurin mai gyara na iya sa ta nemi makullin, kuma idan babu shi babu wanda zai iya buɗe diskin, har Microsoft. Wannan ya fi zama matsala ga wanda mai shago ya buɗe masa asusun da bai san kalmar sirrinsa ba.

Wanda na'urarsa ba ta da ko ɗaya, VeraCrypt, magajiyar TrueCrypt da aka daina a 2014, za ta yi masa rufaffen akwati na gigabait 5 ko 10 don muhimman takardu, a kan diski ko filash. Rufe diskin Windows gaba ɗaya da ita aiki ne mai ɗaukar sa'o'i, kada ka fara shi sai da ajiyar fayiloli a gefe, da batir mai riƙe caji ko wutar da ka tabbata ba za a ɗauke ba.

Sauran manhajojin da ke kan kwamfutar, irin su burauza, 7-Zip, VLC da mai karanta PDF, su ma suna da ɓaraka, kuma Windows Update ba ya taɓa yawancinsu. A makon da kake sabunta Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta winget upgrade don ganin jerin waɗanda suka tsufa, sannan winget upgrade --all don sabunta su gaba ɗaya. Idan data ta yi ƙaranci, fara da burauza da mai karanta PDF, sauran su jira.